Sai-da-Oda da Fankokin Lauyoyi

Shekara goma sha tara teburina yana fuskantar ƙofar ɗakin ajiyar kayan shaida. Ni ce mai buga takardu a kotunmu, tun zamanin tafreta mai ƙarar tsiya har zuwa kwamfutar nan da ke suma duk sa'ad da aka ɗauke wuta. Don haka in ana zancen mutumin da ke riƙe da mukullin wancan ɗaki, kada kowa ya ja da ni. Da rana dai na fi matarsa ganinsa.

Sunansa na gaskiya yana cikin fayil ɗinsa, kuma can ya tsaya. Daga alƙali har mai shara Sai-da-Oda muke ce masa, shi ma yana amsawa ko ɗagowa ba ya yi. Ɗan siririn mutum ne gajere, da tabarau mai ƙafa ɗaya ta asali ɗaya ta waya, da biro biyu a aljihun gaba, shuɗi na shigar da kaya, ja na fitarwa. Shuɗin yakan ƙare duk bayan wata biyu. Jan kuwa, na san wanda ya shekara shida a aljihunsa.

Aikinsa ba shi da wani sarƙaƙiya. Duk abin da aka kawo gaban kotu a matsayin shaida, wurinsa yake kwana. Akwai adduna da wayoyi da katifu, akwai injin niƙa, akwai ƙofar gida ɗungurungum da aka ciro saboda rigimar gado. Kowane abu da ɗan katinsa ɗaure da zare, da lambarsa, da layinsa a cikin wani ƙaton littafi mai bangon fata. Shiga ɗakin nan ba wuya. Fita ce sai da odar kotu, a rubuce, da sa hannun alƙali da hatimi. In ka zo masa da baki kawai, ko kai wane ne, zai saurare ka har ka gaji, ya gyaɗa kai kamar ya gamsu, sannan ya ce, “Gaskiya ne, ranka ya daɗe. Amma sai da oda.”

A gida ma bai bar halin ba. Matarsa ta taɓa zuwa kawo masa magani, ta zauna a gefen teburina ta zazzage mini cikinta. Wai maƙwabcinsu ya zo aron tsani, sai da ya sa hannu a bayan kalanda. Wai autarsu ta faɗi jarrabawa ya karɓe wayarta, ya ɗaura mata kati, ya kulle a durowa. Yarinya ta yi kuka ta gode Allah, ya ce shi ma yana tausayinta, amma ta je ta samo oda a rubuce daga uwarta.

“'Yar'uwa,” in ji matar, “ni da ko sunana da ƙyar nake rubutawa, ni ce alƙaliyar gidanmu.”

Na yi dariya har na ɓata takardar da nake bugawa. Amma daga baya na san tushen abin, kuma ba na dariya ba ne. Wanda ya riƙe ɗakin kafin shi, saura wata huɗu ya yi ritaya, wani babba a kotun ya dafa kafaɗarsa ya ce ya saki wani babur, takarda za ta biyo baya. Takarda ba ta biyo ba. Da bincike ya zo babban ya ce shi bai san zancen ba. Aka kori bawan Allah, ya koma gida da sunan ɓarawo, kuma da sunan ya mutu. Sai-da-Oda ne ya karɓi mukulli daga hannunsa. Tun ranar burinsa ɗaya ne a duniya: ya miƙa littafin nan ga sifeton da ke zuwa binciken masu ritaya ba tare da an sami ko layi ɗaya da za a ɗaga masa gira ba. Shekara talatin da ɗaya yana lallaɓa wannan buri, har ya rage masa kwana arba'in cif. A lokacin ne ƙungiyar lauyoyin garinmu ta tashi yin alheri.

In faɗi gaskiya, alherin ya zo a kan gaɓa. Zauren kotunmu fanka uku ne a sama, biyu sun mutu, ta ukun tana juyawa a hankali kamar tana tunanin mutuwa. Benci huɗu ne, masu ƙara da waɗanda ake ƙara suna matsar juna a kai. Ƙungiyar ta sayo fankoki goma sha biyu masu tsayuwa, da kujeru arba'in, da na'urar sanyaya ruwan sha. Shugabansu, wani ƙaton lauya da muke kira Dogon-Bayani, ya ce ba za a miƙa kayan haka siddan ba, sai an yi taro, an gayyaci manya, an kira masu ɗaukar hoto. Aka sa ranar Laraba.

Sai motar kaya ta yi riga-malam, ta iso tun ranar Juma'a da yamma, ga hadari ya haɗo, ga Magatakarda, wato shugabanmu na ofis, ya riga ya tafi da mukullan sito. Sakatariyar ƙungiyar ce ta rako kayan, wata matashiyar lauya mai saurin tafiya da saurin magana. Ta duba nan ta duba can, ɗaki ɗaya ne a buɗe mai kwaɗon kirki.

“Baba, don Allah ka ajiye mana zuwa Laraba.”

“Barista,” ya ce, “abin da ya shigo nan sai na rubuta shi.”

“Rubuta mana, ai hakan ma ya fi. Kuma ka ba ni takardar shaida cewa ka karɓa.”

Kun ji lauya. Ko ruwa ka ba shi sai ya nemi takarda. Shi kuwa takarda iri ɗaya ce gare shi, ta karɓar kayan shaida, wadda a ƙasanta aka rubuta da ƙananan haruffa cewa mai sa hannu ya yarda kayan ba za su fita ba sai da odar kotu. Ya cike, ya miƙa mata, har ya ɗora yatsa a kan layin ya ce ta karanta. An fara yayyafi, direba na danna mata hon a waje. Ta rattaba hannu ba ta ko kalla ba. A gabana aka yi. Matar da kullum ke faɗa wa talakawa kada su sa hannu a abin da ba su karanta ba.

Ya zauna ya ɗaura kati hamsin da uku. Da ya zo gurbin lambar ƙara a littafi ya tsaya, don bai taɓa barin gurbi ba komai ba. Ya yi tunani, ya rubuta: ƙara tana tafe.

Ranar Laraba aka kafa rumfa, aka ɗaura kyalle mai sunan ƙungiya, manya suka zauna, masu hoto suka gyara tsayuwa. Dogon-Bayani ya yi jawabi na minti arba'in a kan yadda lauya da kotu suke tsintsiya ɗaya, sannan ya ɗaga hannu ya ce a fito da kaya. Shiru. Ya sake cewa a fito da kaya. Sai ga masinja ya zo ya raɗa masa magana a kunne, na ga wuyansa ya kumbura.

Duk muka ɗunguma zuwa ƙofar ɗakin. Sai-da-Oda na zaune a bakin ƙofa, littafi a cinya.

“Malam, ka san ko ni wane ne?”

“Na sani, ranka ya daɗe.”

“Kayan nan namu ne. Mu muka saya. Kotun nan muka saya wa. Kai ma'aikacin kotun nan ne. Iskar ma har kai za ta buga.”

“Gaskiya ne, ranka ya daɗe. Allah ya saka da alheri. Amma sai da oda.”

Ya zaro kwafin takardar ya miƙa. Lauyoyi suka yi ta miƙa wa juna, kowa ya karanta sai ya kalli sakatariya, ita kuma ta kalli takalminta. Wani tsohon lauya mai rabin ji, wanda muke kira Baba Hurumi don bai taɓa shiga shari'a bai fara da cewa kotu ba ta da hurumi ba, ya gyara tabarau ya ce, “Ai kuwa mutumin nan yana kan doka.” Aka yi masa caa. Manya suka sha lemo suka watse, masu hoto suka ɗauki hoton rufaffiyar ƙofa.

Da yamma Magatakarda ya kira Sai-da-Oda ofis, ni ma aka kira ni da takarda da biro. Ya fara da lallashi, ya ce a yage shafin kawai, wa zai sani? Sai-da-Oda ya ce shafukan suna da lamba, sifeto ƙirga su yake yi. Magatakarda ya ce to a ja layi a soke. Ya ce sokewa ma fitarwa ce. Nan Magatakarda ya buga tebur ya ce in buga masa takardar tuhuma, laifin ƙin bin umarni da kunyata kotu a gaban baƙi. Duk wanda ya yi aikin gwamnati ya san abin da wannan ke nufi ga mai shirin ritaya. Fayil ɗinka zai tsaya har sai kwamiti ya zauna, kwamiti kuwa ba ya zama. In ya saki kaya littafinsa ya ɓaci, in ya riƙe fayil ɗinsa ya ɓaci. Na buga takardar raina a jagule, kuma da gangan na yi kuskure har sau uku don a sake.

Washegari na same shi yana goge fankokin da tsumma, idonsa ja, da alama bai runtsa ba. Na ce, “Yaya, ka sakar musu tsiyarsu mana. Fanka ce fa.”

Ya ce, “Wancan ma babur ne kawai.”

Na juya na koma teburina.

Hanya ɗaya ta rage, a samo oda. Oda ba ta fitowa sai da ƙara, ƙara kuma sai da mai ƙara da wanda ake ƙara. A nan ne ƙungiya ta rabu gida uku. Wasu suka ce a yi ƙarar Sai-da-Oda. Wasu suka ce a'a, shi ma'aikaci ne, kotu za a yi ƙara a gaban kanta. Wasu suka ce tun da ba a miƙa kayan ba har yanzu na ƙungiya ne, amma tun da an yi niyyar miƙawa to wataƙila ba nata ba ne. Suka kafa kwamiti, kwamitin ya haifi ƙaramin kwamiti. Ni ce na buga abin da suka haifa, shafi arba'in da uku, har da misalan shari'o'in da aka yi tun kafin a haifi kakata.

Ranar da aka fara sauraro, Dogon-Bayani bai gama gabatar da kansa ba Baba Hurumi ya miƙe. Shi ma ɗan ƙungiya ne, har da kuɗinsa a cikin fankokin, amma jiki ya saba. Ya ce kotu ba ta da hurumi, don alƙalin da zai yanke hukunci shi ne zai sha iskar. Alƙalinmu mutum ne mai haƙuri da dariyar ciki. Ya share gumi da hankici ya ce batu ne mai nauyi, ya ɗage zama mako guda. A makon nan rana ta yi abin da ta ga dama. Lauyoyi cikin baƙaƙen riguna suna fifita da fayilolin mutane, bango ɗaya ne tsakaninsu da fanka goma sha biyu sababbi fil.

A zama na uku aka kira Sai-da-Oda akwatin shaida. Shekara talatin da ɗaya yana kawo kaya gaban akwatin nan, bai taɓa shiga ba. Ya sa rigarsa ta fita kunya, ya rungumo littafi. Zaure ya cika maƙil, har matarsa tana can baya a tsaye. Dogon-Bayani ya tako a hankali, yana kallon jama'a.

“Malam, faɗa wa kotu, fankokin nan sun aikata wani laifi ne?”

“Ban sani ba, ranka ya daɗe. Ni ba na tambayarsu.”

Aka kwashe da dariya, alƙali ya ɓoye bakinsa a bayan hankici.

“Kwana ashirin da biyar ke nan kana tsare da su. A iya aikinka, ka taɓa ganin an tsare fanka kwana ashirin da biyar ba gaira ba dalili?”

“Na gani, ranka ya daɗe. Akwai wata tana shekara goma sha ɗaya.”

Dariya ta fara tashi, sai ta tsaya a hanya, don shi ba da wasa ya faɗa ba. Alƙali ya ajiye biro ya ce ya yi bayani.

Ya buɗe littafi, amma bai kalle shi ba. Ya ce fankar ta wata mai gyaran gashi ce, an sace a shagonta, an kama ɓarawon, an hukunta shi, ya gama zamansa ya fito har ya yi aure, fanka tana nan. Ya ce irinta akwai ɗari uku da goma sha shida, kayan da shari'arsu ta ƙare tuntuni. Masu su sukan zo. Yakan ce musu sai da oda. Su ce ya ake samun oda, ya ce sai lauya ya rubuta roƙo. Su je su ji abin da lauya zai karɓa, su ga ya fi kayan, shi ke nan ba ya ƙara ganinsu.

“Ya mai shari'a,” ya ce, “mutane suna zaton daɗi nake ji. Wallahi kunyar idonsu nake ji. Abin mutum ne, ga shi yana kallo, ni ma na san nasa ne. Abin da zan iya kawai in goge masa ƙura.”

Ni da na shekara goma sha tara ina yi masa dariya daga teburina, ranar ji na yi kamar in shige ƙarƙashinsa. Duk mutanen nan ta gabana suka wuce suna saɓa gyale suna ƙunƙuni, ban taɓa tambayar kaina ina suka ƙare ba.

Alƙali ya ce, “Roƙon nan shafi nawa ne?”

“Ɗaya, ya mai shari'a. Wani lokaci rabi.”

Alƙali ya ɗaga shafi arba'in da ukun nan da yatsa biyu, ya auna nauyinsu, ya kalli layin lauyoyi ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya yarda suka haɗa ido, har Baba Hurumi, wanda ranar kunnensa ya ji komai sarai. Sannan ya yanke hukunci a taƙaice. A saki fankoki da kujeru da na'urar ruwa. Mai ajiya ya yi aikinsa daidai, kuma kotu za ta yi mamaki in ta ji akwai wata takarda da ke cewa akasin haka. Na waiga na ga Magatakarda yana nazarin silin. A ƙarshe ya ce tun da yanzu ƙungiya ta ƙware a kan yadda ake fitar da kaya daga ɗakin nan, ko tana da abin cewa game da sauran?

Dogon-Bayani ya miƙe, ya ce abin mamaki, dama wannan shi ne kashi na biyu na shirin ƙungiya, kotu ce ta riga shi faɗa. Ya yi minti ashirin a kai, a ƙarƙashin sabuwar fanka.

Shi ya yi jawabi, sakatariya ta yi aiki, kuma na yafe mata sa hannun nan har abada. Ta kafa tebur a baranda da lauyoyi shida, kyauta. Sai-da-Oda na karanto suna da unguwa, ana aikawa, ni ina buga roƙo har yatsuna suka sage, alƙali na sa hannu tsakanin shari'a da shari'a. Mai gyaran gashi ta zo ta ɗauki fankarta tana guɗa. Wasu sun ƙaura, wasu sun mutu, ƙofar gadon nan kuwa magada suka sake sabuwar rigima a kan wa zai ɗauka, aka mayar da ita ciki. Ɗari biyu da ɗaya aka fitar kafin kwanakinsa su cika. Sifeto ya zo ya kwana biyu yana jujjuya littafi yana neman abin kamawa, ya rasa, ya sa hannu yana ɓata rai kamar an cuce shi.

Ranar ƙarshe, ana saura awa ɗaya a tashi, wani tsoho ya shigo yana dogara sanda, da oda a ninke a hannunsa. Keke ya zo karɓa, wanda aka sace masa shekara goma sha bakwai da suka wuce, lokacin yana kai wa mutane burodi shago-shago. Sai-da-Oda ya shiga ya gunguro shi. Tayoyi a cike, sarƙa da mai, ƙararrawa tana ƙara. Ashe duk farkon wata yakan yi masa iska.

Tsohon ya shafa sirdi, ya shafa kan keken. Can ya yi 'yar dariya ya ce, “Ɗana, ai yanzu ko an ɗora ni ba zan iya tuƙawa ba.”

Sai-da-Oda ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. Ya ce, “Ka yafe mini, Baba.”

“Me ka yi mini? Kai da ka riƙe mini amana.”

Ya tura masa keken da kansa, tsoho na biye da sanda, suka bi baranda a hankali, lauyoyi na matsawa gefe suna ba su hanya. Ina kallonsu ta taga har bakin titi, inda ya tsayar da mai a-kori-kura, suka ɗora keken, ya taimaka wa tsohon ya hau. Ina share ido da bakin mayafi ke nan sai na ga ya dafe kai, ya juyo a guje, mutumin da ban taɓa ganin ya yi ko sassarfa ba. Ya suri littafi daga kan kujera ya sake fita, takalmi ɗaya ya cire a matakala bai tsaya ba, yana bin mota yana ɗaga hannu.

“Baba! Baba, ku tsaya! Ba ka sa hannu ba!”